Kurakuran da ake tafkawa wajen sayen kwarangwal ɗin ƙaton kwaɗon Madagaska

Duk wanda ya ce yana son kwafin ƙasusuwan ƙaton kwaɗon zamanin da, to kusan ko tantama babu Beelzebufo ampinga yake nufi, wanda aka haƙo a yankin Mahajanga can arewa maso yammacin Madagaska. Ya rayu kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce. David Krause, masanin ƙasusuwan dabbobin zamanin da, shi ne ya fara tsintar gutsattsarinsa a 1993, sai 2008 shi da Susan Evans da Marc Jones suka raɗa masa suna.

Gutsattsari na ce fa, kuma nan ne mutane ke fara faɗawa rami. Ba a taɓa samun kwaɗon nan cif daga kai har yatsa ba, don haka duk kwarangwal ɗin da ka gani a tsaye tsaf, wani ɓangaren daga ƙashin gaske aka kwafo shi, sauran kuwa mai sassaƙa ne ya cike da hannunsa yana kallon kwaɗin Kudancin Amurka masu ƙaho da ake kira Ceratophrys. Wannan ba laifi ba ne, laifin shi ne ka biya kuɗi ba ka tambaya ba. Ka ce mai sayarwa ya nuna maka wanne ne kwafi wanne ne ciko, in ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.

Sai batun girma. Da farko an ƙiyasta tsayinsa ya haura santimita 40, amma da aka samu ƙarin ƙasusuwa, binciken 2014 ya dawo da shi wajen santimita 23. Har yau wasu da tsohon awon suke yi saboda ya fi jan ido. Abin dariya ma, kwaɗon Goliyat da ke raye yanzu a Kamaru yakan kai santimita 32. In ka riga ka sayi babban ba sai ka zubar ba, ka rubuta a katin bayani cewa ƙiyasin 2008 ne.

Ka duba jikin da kyau. In ka ga an jera masa dogayen haƙarƙari kamar na rago, ko haƙora reras a muƙamuƙin ƙasa, wanda ya yi shi bai san kwaɗo ba. Haƙoran a sama suke, kan faffaɗa ne mai kauri da kaushi, ƙashin baya gajere. Kuma don Allah a daina jingina shi kusa da dinosaur ɗin nan T. rex, wancan ɗan Arewacin Amurka ne, maƙwabcin kwaɗon na gaske wani dinosaur ne mai suna Majungasaurus.

Ajiya kuma wallahi nan ake asara. Yawancinsu da rezin, wani nau'in roba, ake zuba su ko a buga da firintar 3D, ka ajiye bakin taga rana ta dake shi wata biyu sai ka ga ya yi rawaya yatsun sun lanƙwashe. Ka sa shi a akwatin gilashi nesa da rana, ƙurar hunturu kuma buroshi mai laushi ya isa, ban da jiƙaƙƙen tsumma da omo. In yatsa ya karye kar ka malala masa supa gulu, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace, ka riƙe minti ɗaya.

Katin bayanin ma ka rubuta "kwafi" ɓaro-ɓaro, don na sha ganin yara sun koma gida suna rantsuwa sun ga ƙashin gaske.