Darasi na 7: Tafiyar Buɗe Ido Kai Kaɗai da Ciwo a Jiki

Iyayena da 'yan'uwana, mai ciwon suga, hawan jini, asma ko sikila zai iya tafiya shi kaɗai ya ga duniya. Shiri ake bukata. Mu bi a hankali.

Mataki na 1: Ganin likita

Ku je wajen likita mako 4 zuwa 6 kafin tafiya. Ya rubuta muku takarda mai sunan ciwon, sunan kowane magani da yadda ake shansa. Ku ce ya karanta muku da baki. In ba ku gane ba ku sake tambaya, ba abin kunya ba ne.

Mataki na 2: Inda magani zai zauna

A nan ake tuntuɓe. Jaka biyu ce. Akwai babba, wadda ake karɓa a sa cikin kaya. Akwai ƙarama, wadda ke rataye a kafaɗarku. Magani ƙarama yake shiga. Ku faɗa da ƙarfi: magani, ƙaramar jaka. Madalla.

Babbar jaka tana iya ɓata, ko ta wuce wani gari. In allurar insulin ce, wato ta masu ciwon suga, sanyin wurin kaya na jirgin sama yana iya daskarar da ita, wadda ta daskare kuwa ta lalace. Zafi ma haka: wadda aka fara amfani da ita kada ta zauna inda zafi ya wuce digiri 30.

Ranar da muka gwada a aji, ina gama bayani sai ga hannaye suna cusa kwalin magani ƙarƙashin tufafi a babbar jaka, wai don kada ya faɗi. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? In numfashi ya sarƙe a hanya, wa zai sauke muku kaya? Ƙaramar jaka. Ku bar ƙwayoyi cikin kwalinsu, ku ƙara na mako guda, duk a ƙaramar jaka.

Mataki na 3: Kati

Ku rubuta sunanku, ciwonku da lambar wanda za a kira, ku sa a aljihu. Mai suga in ya ji rawar jiki, gumi da jiri, alamun saukar sugan jini, ya sha sukari babban cokali 1, ya jira minti 15, ya sake gwada sugan jininsa.

Mataki na 4: Yawo

Wuri ɗaya ko biyu a rana ya isa. Ku sha ruwa, ku huta.

Mataki na 5

Ku kira gida kullum.

Aiki: Ku rubuta sau 5, "Maganina yana cikin ƙaramar jaka."