Yadda na hana yankan fain yin baƙi a kwalba

Alhamdu lillahi, na gode wa malamina. A ɗakin gwajinmu nan Katsina, yankan reshen bishiyar fain (pine) da muke tsirarwa a kwalba sai gindinsu ya yi baƙi, abincin tsiron da ke cikin kwalbar ya rine kamar shayi, su mutu. Na zaci fumfuna ce, na ƙara bilic a ruwan wanke su, abin ya ƙaru. Zafin gari ma ba shi ba ne.

Ashe sinadarin fenol, wanda ke yin baƙi idan ya sha iska, yankan ke zubarwa. Na jiƙa su a ruwan bitamin C kafin dasawa, na rage gishirin MS (haɗin sinadaran abincin tsiro) zuwa rabi, na zuba sarrafaffen gawayi giram 2 a lita, na daidaita pH (ma'aunin tsami) zuwa 5.8, na dafa abincin a tukunyar matsin tururi a digiri 121 na Selsiyus minti 15. Suka yi mako guda a duhu, sannan na sauya musu kwalba. Yanzu suna toho kore shar.