Ga Dattawan Damagaram Masu Shirin Zama Wajen Ƴaƴansu a Faransa

Tun da na dawo gida hutu, kusan kowace yamma sai wani tsohon abokin aiki ya same ni a ƙofar gida, a Birni, ya ce ɗansa ko ɗiyarsa ta matsa masa ya je Faransa ya huta. Na yi shekara talatin da huɗu ina koyarwa a lakwal kafin in yi ritaya, na bi babban ɗana can a 2021, kuma a cikin shekarun nan na ga dattawa huɗu daga ƙasarmu sun faɗa ramin da na faɗa. Shi ya sa nake rubuta wannan, yayyena da ƙannena, domin a gyara abin gyara tun ana Damagaram.

Batun tafiya ba shi da wuya ga wanda ya saba da kilomita wajen 900 da ke tsakaninmu da Yamai. Neman biza ne ya ƙara nisa tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, saboda haka a bar wa ƴaƴa su bincika inda ake karɓar takardu kafin a sayi tikiti. Kada a ɗauki kilishi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara, kuma za a karɓe shi a filin jirgi. Sanyi kuwa riga mai kauri da takalmi rufaffe suna maganinsa.

Abin da ya ba ni wuya shi ne sunana da ranar haihuwata. Mu da aka haifa kafin samun ƴancin kai a 1960, ko jim kaɗan bayansa, yawancinmu ba mu da takardar haihuwa ta asibiti. Hukuncin kotu ne aka yi mana lokacin shiga lakwal, aka rubuta cewa an haife mu "wajen" shekara kaza. A nan gida wannan bai taɓa hana kowa albashi ba. A can kuwa kwamfuta tana neman rana da wata, sai ka tarar fasfo ya ce 1 ga Janairu, wata takardar ta ce 31 ga Disamba, ta uku kuma shekara kawai ta ambata. Haka sunan Muhammadu: magatakarda ɗaya ya rubuta Mahamadou, wani Mahamane, wani Mamane, kowa yadda kunnensa ya ji. A wurinmu mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da bai taɓa jin sunan Damagaram ba mutum uku yake gani a gabansa. Mutanenmu suna cewa ai takardunmu da Faransanci suke, ba sa bukatar fassara. Gaskiya ne, sai dai wannan ne ma yake sa a ga saɓanin harafi ɗaya da wuri.

Akwai kuma al'adarmu ta sa wa yaro sunan ubansa a matsayin suna na biyu. A Faransa uba da ɗa sunan dangi ɗaya suke ɗauka, mu kuwa sunan ƙarshe na ɗana shi ne sunana na yanka, nawa na ƙarshe kuma na mahaifina ne. Abin da ke haɗa mu shi ne takardar haihuwar yaron, kuma a cikin ta ɗana an rubuta sunana da haruffan da suka saɓa wa na fasfona. Wata bakwai na yi ina jiran gyara. Ƙanena ne ya riƙa zirga-zirga tsakanin kotu da ofishin magajin gari a nan, yana neman shaidu biyu cikin tsofaffin unguwa, ni kuma ina zaune a ɗaki a bene na huɗu, ba na iya barin ƙasar. A cikin watannin nan yayata ta rasu, ban samu jana'iza ba, ban samu zaman makoki ba, ta waya na karɓi gaisuwa. Da na shimfiɗa takarduna a tabarma tun kafin in tashi, na gwada su harafi da harafi, da ƴan makonni sun ishe ni. Saboda haka duk mai niyya ya tara fasfo, katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar aure, takardun fansho da takardun haihuwar ƴaƴansa, ya sa yaro mai ido ya duba masa. Inda aka ga saɓani a je kotu a gyara, ko a karɓo takardar da ke shaida cewa sunayen nan na mutum ɗaya ne. Hajiyoyi su fi kowa kula, domin auren da aka ɗaura a zaure da goro da dabino, in ba a yi masa rajista ba, ba shi da takardar da za a nuna.

Bizar da akasari ake ba dattijo ita ce ta dogon zama a matsayin baƙo, ta shekara ɗaya, wadda mai ita yake sa hannu cewa ba zai yi aiki ba. Ana so ya nuna yana da abin da ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar, wajen yuro 1,400 a wata. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, wato kuɗin sun haura jaka 900, kuma kowa ya san fanshon mushen lakwal bai kama ƙafar wannan ba, sai an haɗa da takardun albashin ɗan da ya ɗauki nauyi da shaidar cewa a gidansa za a zauna. Wanda ɗansa ya zama ɗan ƙasar Faransa yana da wata hanya ta iyayen da ke ƙarƙashin kulawar ƴaƴansu, mai kai wa ga katin zama na shekara goma, amma sai ya nuna cewa da ma ɗan ne ke ciyar da shi. Don haka a daina yar da rasiɗin kuɗin da yara suke aikowa.

Abin da ke ɓata mini rai da sababbin zuwa shi ne ɗaukar hatimin filin jirgi a matsayin ƙarshen magana. Dole ne a tabbatar da bizar ta intanet cikin wata uku da sauka, in ba haka ba zaman ya fita daga doka. Wani Alhaji da muka yi aiki tare na faɗa masa wannan sau uku, yana ce mini ai yara sun san komai. Yaran kuwa suna fita aiki tun duhu, kowa ya zaci ɗan'uwansa ya yi. Haka sabunta katin zama: ana shigar da buƙata tsakanin wata huɗu da wata biyu kafin ya ƙare. Kada marmarin hawan Sallah a ƙofar fada ya sa mutum ya taho gida a daidai wannan lokaci, ko ya bar Faransa da takardar jira, wadda ake ba mutum kafin sabon kati ya fito, ba tare da ya tabbatar tana ba shi damar komawa ba. Furfura tana buɗe ƙofa a biro a nan gida, can kuwa ranar da aka ba ka ita ce ranarka, kuma shaidar adireshi in ta wuce wata shida sai a sake wata.

Kafin a tashi a bar wa amintacce takardar wakilci a kan fansho, ko na CARENI ne, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati, ko na CNSS, na ma'aikatan kamfanoni, a kuma tambayi yadda za a riƙa aiko da shaidar cewa mutum yana raye, domin rashinta yana tsayar da biya. A zo da inshorar lafiya da takardar likita mai sunayen magungunan hawan jini ko sukari.

Yawon buɗe ido a bar shi sai takardu sun kammala. Hasumiyar Eiffel tana nan tun 1889. Ni Babban Masallacin Paris ya fi kwanta mini, wanda aka buɗe a 1926, shekarar da aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai. A unguwar Château Rouge ana samun kuka, kuɓewa da gero. Ina alfahari da yaranmu na can: su ne suka raka ni ofis sau da yawa, suka yi mini karo-karon kuɗin tikiti da takardata ta fito, ɗalibin da ban taɓa koyar da shi ba yana kirana Baba yana riƙe mini jaka. Amma su ma suna da aiki da iyali, kuma ba za su iya gyara takardar da ke cikin kundin kotun Damagaram daga can ba. Duk wanda ya shirya, ya kawo mini takardunsa bayan la'asar mu duba tare kafin in koma.