Yadda za ka gane ko rangwamen da ke jikin tsohuwar addu'arka yana nan

Gidajen Katolika da yawa suna da tsohon littafin addu'a ko katin waliyyi tun na zamanin fadan mishan, a ƙarƙashin addu'ar an rubuta "kwana 300" ko "shekara 7". Wannan ƙidayar rangwame ce (indulgence), wato sassaucin da Ikilisiya ke bayarwa a kan horon da ya rage bayan an gafarta zunubi. Masu koyo kan kasu biyu a kansa: wasu su yi ta tara kwanaki suna lissafi, wasu su ji an ce an soke sai su jefar da addu'ar gaba ɗaya. Duk biyun kuskure ne.

Da farko duba shekarar da aka buga littafin. In kafin 1968 ne, kada ka dogara da abin da ya faɗa game da rangwame. A ranar 1 ga Janairu 1967 Paparoma Bulus na Shida ya fitar da dokar Indulgentiarum Doctrina, a 1968 kuma aka buga sabon kundi, Enchiridion Indulgentiarum, wanda ya maye gurbin tsohon kundin Raccolta. Duk rangwamen gama-gari da bai shiga sabon kundin ba an janye shi. Bugu na huɗu, na 1999, shi ake aiki da shi yanzu.

Na biyu, ka cire lissafin kwanaki daga ranka. A nan na fi ganin mutane na tuntuɓe. Tun asali "kwana 300" ba ya nufin an rage maka kwana 300 a Furgatori, inda ake tsarkake rayukan matattu kafin su shiga sama, domin ba a ƙirga rana da wata a can. Abin da ake nufi shi ne rangwamen ya yi daidai da horon tuba na kwana 300 irin wanda ake ɗora wa masu tuba a Ikilisiyar farko, lokacin da mutum kan shafe shekaru yana azumi kafin a sake karɓarsa. Da yake mutane sun daɗe suna fahimtarsa a baibai, aka soke ƙidayar. Yanzu iri biyu ne kawai: cikakken rangwame da rangwame na sashe. Na sashen ba shi da lamba. Gwargwadon horon da Allah ya yafe maka saboda ƙauna da himmar da ka yi aikin da su, gwargwadon haka Ikilisiya take ƙara maka daga taskarta. Wanda ya yi addu'a ɗaya da dukan zuciyarsa ya fi wanda ya rattaba goma yana hamma. Kuma ka tuna, rangwame ba ya gafarta zunubi. Horon da ya rage bayan an riga an gafarta zunubin a furci shi yake ɗaukewa.

Na uku, nemi addu'ar a sabon kundin, ko ka tambayi Fada ya duba maka. Da yawa suna nan: addu'o'in Anima Christi, Memorare, Salve Regina da litani (jerin roƙo da ake amsawa) da aka amince da su duk suna da rangwame na sashe. Wasu an taƙaita su. Addu'ar da ake yi gaban gicciye bayan karɓar Jibi Mai Tsarki, wadda tsofaffin littattafai suka ba ta cikakken rangwame a kowace rana, yanzu cikakke ne a Juma'o'in lokacin Azumi, sauran ranaku na sashe. In kuwa ba ka same ta ba, kada ka yar da ita. Gajerun kira irin su "Yesu na, ka yi jinƙai" sun shiga ƙarƙashin na farko cikin rangwamen gama-gari guda huɗu na sabon kundin, wanda ake ba duk wanda ya ɗaga zuciyarsa ga Allah da ɗan gajeren roƙo a cikin aikinsa ko wahalarsa. Sauran ukun su ne taimakon mabukaci, hana kai wani abu halal don tuba, da shaida bangaskiya a fili.

Ba sai ka kashe kuɗi kan sabon littafi ba. Ni dai shawarata, ka ɗauki fensir ka ja layi a kan kwanakin, ka ci gaba da addu'arka. Rangwame kuwa ba a sayar da shi, duk wanda ya nemi ko kwabo a kansa ka guje shi.

Idan cikakke kake nema, akwai ayyuka huɗu da za ka iya yi kowace rana: rabin awa na sujada gaban Sakramenti Mai Tsarki, rabin awa na karatun Littafi Mai Tsarki, Hanyar Gicciye, ko Rosari a coci ko tare da iyali. Sai sharuɗɗa: furta zunubi ga Fada, karɓar Jibi, addu'a domin nufin Paparoma (Ubanmu ɗaya da A gaishe ki Maryamu ɗaya sun wadatar), da rabuwar zuciya da kowane zunubi har ƙanana. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, in ya gaza rangwamen ya koma na sashe. Furcin yana iya zama kamar kwana 20 kafin ko bayan aikin, kuma furci ɗaya ya isa rangwame da yawa, amma kowanne da Jibinsa da addu'arsa.

Cikakke sau ɗaya ne a rana, sai dai a bakin mutuwa, don haka tsohuwar al'adar shiga coci a fita a sake shiga don tara cikakken rangwame da yawa ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da matattu, ta ƙare. Ziyarar maƙabarta daga 1 zuwa 8 ga Nuwamba tana nan, domin matattu kawai. Kana iya riƙe rangwame wa kanka ko ka ba mamaci, amma ba a ba wani mai rai. Rosari, gicciye, skafula (ɗan ƙyallen ibada da ake ratayawa a wuya) ko lambar wuya da Fada ya sa wa albarka na sashe suke bayarwa. In Paparoma ko bishop ne ya sa albarkar, akwai cikakke ranar 29 ga Yuni, idin Waliyyai Bitrus da Bulus, idan ka haɗa da faɗar Shaidar Bangaskiya.