Yadda ake bambance taƙaitaccen suna mai zama kalma da mai kiran haruffa

Masu fara rubutun labarai da ɗaliban harshe sukan cusa NEPA da BBC a buhu ɗaya, wai duk taƙaitaccen suna ne. Iri biyu ne. Wanda baki ke furtawa a dunƙule Turawa na ce masa acronym, wanda ake kiran haruffansa ɗai-ɗai kuma initialism.

Mataki na farko, rufe ido ka saurara. Abin dubawa shi ne yadda mutane ke faɗi, ba yadda haruffan suka jeru a takarda ba. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, "Nefu" ake ce mata, ta zama kalma ke nan. Abokiyar hamayyarta NPC kuwa "En-fi-si" ce. JAMB da WAEC da INEC da ASUU suna layin NEPU, EFCC da NNPC suna layin NPC. A nan ne akasari ake faɗuwa: mutum ya ga wasula cikin sunan, sai ya yanke hukunci. Dubi ABU ta Zariya. A rubuce tamkar sunan Malam Abu, amma ba mai faɗin haka, "E-bi-yu" ake cewa. Haka WHO, hukumar lafiya ta duniya. Idan ka yi shakka, kunna rediyo ka ji mai karanta labarai, ya fi maka ƙamus sauri, kuma kyauta ne.

Mataki na biyu, in kana neman acronym mafi daɗewa a tarihi, kada ka ɗauki tsufan haruffa a matsayin hujja. Rumawa sun riƙa rubuta SPQR a kan kuɗi da gine-gine tun kafin haihuwar Annabi Isa, ma'anarsa majalisar dattawa da jama'ar Roma. Tsoho ne ƙwarai, sai dai baƙaƙe huɗu ne da ba sa furtuwa a dunƙule. Misalai na gaskiya suna wajen Yahudawa: Tanakh, sunan littafinsu, an haɗa shi daga haruffan farko na sassansa uku, Torah da Nevi'im da Ketuvim. Rambam kuma laƙabin malaminsu ne da ya rasu a 1204, an haɗa shi daga haruffan farko na Rabbi Moshe ben Maimon. Dabarar tana da sauƙi a Ibrananci domin baƙaƙe ake rubutawa, mai karatu ya zuba wasula da kansa. Kiristocin farko sun yi nasu da kalmar Girkanci ichthys, wato kifi, amma kalmar tana nan tun da, su suka ɗora mata jimlar da haruffanta za su tsaya wa. Ni ba na lissafa ta da sauran.

Basmala da hamdala da hailala ma ka ware su gefe. Gaɓoɓi aka tsinto daga jimla aka narka, malaman Larabci suna kiran wannan nahtu. 'Yan uwa ne, ba abu ɗaya ba.

A Turanci abin sabo ne. Masu aika saƙon wayar tangaraho a Amurka sun shigo da SCOTUS, wato kotun ƙolin ƙasar, a 1879 don rage tsawon saƙo. ANZAC, rundunar sojojin Australiya da New Zealand, ta fito a 1915, radar a 1940, NATO a 1949. Ita kanta kalmar acronym sai a shekarun 1940 ta shiga Turanci.

Daga nan mataki na uku ya fito: duk tsohuwar kalmar Turanci da aka ce maka taƙaitawa ce, tuhume ta. Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa news haruffan farko ne na sunayen arewa, gabas, yamma da kudu a Turance ƙarya ne, jam'in new ce kawai. SOS ma, alamar neman agaji, ba ta tsaya wa kowace jimla ba, an zaɓe ta ne don sauƙin bugawa: ɗigo uku, layi uku, ɗigo uku. Nemi shekarar da kalmar ta fara bayyana a rubuce. In ta girmi jimlar da ake jingina mata, an ƙaga ne daga baya.

Wajen rubutawa, kawo cikakken sunan da Hausa sau ɗaya, sannan ka ci gaba da taƙaitaccen. Manyan haruffa, ba ɗigo tsakaninsu. Jinsi ya bi kalmar Hausa da ke bayansa: INEC ta ce, don hukuma ce, CBN ya ce, don banki ne.