Yadda manoman ƙasar Ailan (Ireland) ke kaɗa man shanu a gargajiyance a zamanin da

Aikin yana farawa tun kwana uku kafin ranar kaɗi. A tace madarar da aka tatso, a zuba a faffaɗan kasko, a ajiye a ɗaki mai sanyi ta kwana. Da safe a yaɗe maiƙon da ya taso, a tara a tukunya kwana 2 zuwa 3 har ya yi ɗan tsami. Madara lita 20 zuwa 25 ce ke ba da mai kilo ɗaya.

Makaɗin nasu doguwar ganga ce ta katako, da murfi mai rami a tsakiya inda sanda ke shiga, ƙasan sandar kuma da faifan katako mai huji-huji. A ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, a bi da ruwan sanyi, don kada mai ya manne. Kada a cika ta fiye da rabi.

Ɗumin maiƙon shi ne komai: digiri 13 zuwa 16. In ya fi haka sanyi, sai a yi ta bugu kumfa kawai ke tashi. In ya yi ɗumi da yawa, man zai fito laɓe-laɓe, ya ƙi wankuwa. A riƙa ɗaga sanda ana dannawa da bugu ɗaya, ba gaggawa. Bayan kamar minti 30 zuwa awa ɗaya ƙarar za ta canza, a ga ƙwayoyin mai kamar tsabar alkama a jikin sanda. Nan ake zuba ɗan ruwan sanyi, a dakata.

A tsiyaye tsalar, da ita suke kwaɓa burodin soda, wato burodin da ake sa wa garin soda maimakon yis don ya tashi. Sai wanki, inda aka fi yin kuskure: a wanke man da ruwan sanyi sau uku ko huɗu har ruwan ya fito garau, domin ɗan ragowar tsala shi ke sa mai ya yi ɗoyi cikin kwanaki. A barbaɗa gishiri kamar giram 20 a kowane kilo, a matse da filafilan katako biyu, ba da hannu ba, ɗumin tafi na narkar da shi.

A al'adarsu ta da, baƙon da ya tarar ana kaɗi sai ya sa wa aikin albarka, ya kama sanda ya buga ko sau uku ne, don kada a ce ya tafi da sa'ar man. Na sayarwa kuwa, a da, a gangunan katako ake danƙare shi, a kai kasuwar man shanu ta birnin Cork, wadda aka rufe a 1924.