Kurakuran da Ake Yi Wajen Shirya Farautar Ajiya a Birnin Zariya

Wasan farautar ajiya da na'urar GPS mai nuna wa mutum inda yake, wato wasan da ake ɓoye wani abu a ba mutane lambobin da ke nuna wurinsa a taswira su nemo shi, ya samo asali ne a watan Mayu na 2000, bayan da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin siginar da farar hula ke samu, inda wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon ya kuma wallafa lambobin wurin a intanet. Nau'in da ya fi dacewa da tsohon gari irin Zariya shi ne wanda ake haɗawa da kacici-kacici. Ba a ba ɗan wasa cikakkun lambobin wurin da ajiyar take, sai ya taka zuwa Ƙofar Doka ko gindin dutsen Kufena ya samo amsar wata tambaya, amsar ce za ta cike masa gurbin da aka bari.

Babban kuskuren mai shirya wasan shi ne gina tambaya a kan abin da masana kansu ba su daidaita a kai ba. Idan aka ce a kawo yawan ƙofofin ganuwar Zariya, wani zai ce takwas, wani ya ce tara, gwargwadon wadda ya lissafa da wadda ya tsallake. Haka zamanin Sarauniya Amina yake, domin wasu marubuta suna sa ta a ƙarni na 15, wasu a na 16, kuma ko shekarar da Malam Musa ya karɓi mulkin Zazzau akwai masu rubuta 1804 da masu rubuta 1808. A aji wannan saɓani abin tattaunawa ne mai daɗi, amma a wasan da lamba ɗaya ke sauya inda mutum zai nufa, yana jefa rabin 'yan wasa cikin gonar wani. Akwai kuma akasin haka, wato tambayar da ba ta buƙatar fita daga ɗaki. Wanda aka tambaya shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello zai samo 1962 a wayarsa yana kishingiɗe, bai ga Samaru ba balle ya koyi wani abu.

Gyaran duka biyun ɗaya ne. A zuba tarihi a cikin bayanin kowane zango, lambar kuwa a ɗauko ta daga abin da ido zai gani a wurin, kamar yawan mashigar da ke jikin ƙofa ko shekarar da ke rubuce a allon da ke gabanta. A zangon masallacin Juma'a, alal misali, ya dace a gaya wa ɗan wasa cewa Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina tsohon masallacin a zamanin Sarki Abdulkarim, amma abin ƙirgawar ya kasance daga waje, saboda ba daidai ba ne a tura matasa suna zagaye cikin masallaci suna nuna rufi da yatsa. Mai son a ƙirga haruffa kuma ya faɗi rubutun da yake nufi, tunda Zaria biyar ne, Zariya shida.

Matsalar lambobin kansu ta fi sauƙin magani, sai dai ta fi yawan faruwa. Zariya tana wajen digiri 11 da minti 4 arewa, digiri 7 da minti 42 gabas, kuma wanda ya shigar da wannan a wayarsa a matsayin 11.04 ya kauce da kusan kilomita 3, domin digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba. Mai shiryawa ya zaɓi tsari ɗaya ya rubuta shi ɓaro-ɓaro a saman takarda. Ya sani kuma cewa wayar hannu kan kuskure da wajen mita 5 a fili, ta fi haka a lungunan birni, don haka ya ɗauki lambobin a ranaku dabam-dabam, ya ƙara ɗan bayanin da zai kai mutum ga ajiyar. Yana da kyau a faɗi jimillar lambobin amsa, yadda wanda ya yi kuskure zai gane kafin ya hau acaɓa.

Inda na fi tsananta hukunci shi ne wurin ɓoyewa. Ramukan da ke jikin abin da ya rage na ganuwa suna jan hankalin mai neman maɓoya, alhali ginin ƙasa ne da ruwan Agusta ke ci kowace shekara, kuma duk hannun da ya shiga lalube sai ya fito da ɗan ɓarɓashi, ban da kunama da maciji da ke son irin wannan rami. Ƙa'idar Geocaching.com, shafin intanet na masu wannan wasa, ta hana haƙa rami, ta wajabta neman izinin mai wuri, ta kuma sa tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya. A bar ganuwa ta zama abin kallo da tambaya, a kai ajiyar can gefe.

Rashin sanar da mai unguwa kuskure ne da zai iya jawo abin da ya fi faɗuwa a wasa. A halin tsaron da ake ciki, baƙon da ya tsuguna yana cusa gwangwani a gindin bango zai sha tambayoyi daga 'yan sintiri, wasu kuma su ɗauka asiri ake binnewa. A je a gaida mai unguwa a yi masa bayani, a yi amfani da robar da ake ganin cikinta, a rubuta abin da take da shi da boko da ajami. Idan wasan na makaranta ne ko na ƙungiya, barin littafin da wanda ya samo ajiyar ke sa hannu a ciki a wurin mai shayi ko mai shagon da aka amince da shi ya fi aminci, domin abin da aka bari a waje ba ya kwana biyu yara ko 'yan jari-bola ba su ɗauke shi ba.

Kada a haɗa Birni da Wusasa da Samaru a yini ɗaya na ƙafa, musamman a zafin Maris da Afrilu, kuma a kauce wa Ƙofar Fada da tsakar ranar Juma'a. Kafin ranar wasa a ba mutum biyu da ba su san amsoshin ba takardar su bi ta daga farko zuwa ƙarshe, duk tambayar da suka ba da gari a kanta a sake rubuta ta.